Ɗan kokawar da doka ta hana shi kama ƙafa, yana bukatar ƙarfin ƙafa?

Wani koci ne ya aiko da wannan tambaya: "Ina horar da samari 'yan shekara 14 zuwa 17, wasu a salon firistayil, wasu a Girko-Roman. Abokin aikina ya ce ɓata lokaci nake yi idan na sa 'yan Girko atisayen ƙafa, tunda doka ta hana su taɓa ƙafa. Sannan akwai yaran da ke fara wasa kamar wutar daji, amma kafin a shiga zagaye na biyu ƙafafunsu sun mutu. Da gaske salo ne ke raba ƙarfin ƙafa? Kuma ta yaya zan auna shi?"

Koci, sannu da ƙoƙari. Bari in fara da maganar abokin aikinka, domin ita ce ta fi sauƙin warwarewa. Ya haɗa abu biyu ne da ba ɗaya ba. Abin da dokar Girko-Roman ta hana shi ne ka kama abokin karawarka daga ƙugu zuwa ƙasa, ko ka taɗe shi, ko ka sarƙe shi da ƙafarka, abubuwan da salon firistayil ya halatta. Ba ta hana ka tsayuwa a kan ƙafafunka ba, ba ta kuma hana ka tura ƙasa da su ba. To duk wanda ya taɓa sungumar mutum mai nauyinsa, mutumin da ke turjewa yana neman maƙalewa da katifa, ya san ba dantse ne ke ɗaga shi ba. Hannu riƙewa kawai yake yi. Cinya da ɗuwawu da bayan ƙugu su ne ke yin ɗaukar.

Ka nemi bidiyon Aleksandr Karelin na Rasha ka nuna wa abokin naka, gani ya kori ji. Wannan mutum ya ci zinare a Girko-Roman a gasar Olamfik ta 1988 da 1992 da 1996, a ajin masu nauyin kilo 130, kuma abin da ya yi suna da shi shi ne ɗauko ƙato da ke kwance rub-da-ciki a kan katifa, ya miƙe da shi, ya wurga shi ta baya. Ka tsayar da bidiyon daidai lokacin da zai ɗaga. Za ka ga ya kafa ƙafafu, ya lanƙwasa gwiwa, ya matso da ƙugunsa jikin abokin karawar, sannan ƙugun ya harba gaba. Hannayensa kusan ba su motsa ba sai da nauyin ya bar ƙasa. In wannan ba aikin ƙafa ba ne, ban san me za a kira shi ba.

Abin da salo ke sauyawa shi ne inda ƙarfin ke dosa. Ɗan firistayil yana tsayuwa a duƙe, gwiwa a lanƙwashe, tun daga busa usur har ƙarshe. Idan zai kai hari sai ya ƙara nutsewa ƙasa, ya zabura gaba da ƙafa ɗaya, ya kutsa ƙarƙashin abokin karawa. Ka tuna yadda Jordan Burroughs na Amurka, wanda ya ci zinare a Landan a 2012 a kilo 74, yake kai farmakin kama ƙafa biyu: kowa a zauren ya san abin da zai yi, amma saurin zaburar ya fi ƙarfin tarewa. Wannan ƙarfi ne mai tafiya gaba, kuma yawanci daga ƙafa ɗaya yake fitowa. Idan kuma shi aka kawo wa hari, sai ya watsa ƙafafu baya ya danna ƙugu ƙasa cikin ƙiftawar ido. Shi kuwa ɗan Girko ya fi miƙewa, ƙirji da ƙirji, ana tura juna ana neman wurin zura hannu. Ƙafafunsa na aikin turjiya na tsawon lokaci, sannan farat ɗaya su harba sama da baya in an samu makama. Tsoka ɗaya ce, mai ɗaya take sha, hanya ce kawai ta bambanta.

Masu bincike sun sha gwada matasan salon biyu, kuma sakamakon bai tsaya a wuri ɗaya ba. Wani binciken ya ba 'yan Girko fifiko a ƙarfin hannu da kafaɗa, wani ya nuna 'yan firistayil sun fi laushin jiki, wani ma ya samu 'yan Girko sun ɗara a ƙarfin ƙafar kansa, wasu kuma ba su ga bambancin a zo a gani ba. Abin da ya fi maimaituwa shi ne tazarar da ke tsakanin gwanaye da na baya-baya a cikin salo guda: waɗanda ke kai wa matakin ƙasa sun fi takwarorinsu ƙarfin zabura, a hannu da ƙafa. Ni dai fahimtata ita ce, in ka ga ƙungiyar Girko ta fi ta firistayil a wani gwaji, ka fara tambayar yadda kocinsu ke horar da su da kuma irin yaran da aka tsinto, kafin ka ɗora wa salo.

Yanzu mene ne wannan "ƙarfin zabura" da nake ta faɗa? Shi ne abin da masana ke kira ƙarfin anarobik, wato aikin da tsoka ke yi da sauri fiye da yadda iskar oksijin za ta iya isar mata. Tsoka tana da hanyoyi uku na samun kuzari. Ta farko ɗan ajiye ne da ke cikin tsokar kanta, sinadarin fosfokiriyatin, wanda ke fita nan take amma ba ya wuce kamar daƙiƙa 10 in ana aiki da iya ƙarfi. Da shi ake kai farmaki, da shi ake ɗauka a maka da ƙasa. Ta biyu ita ce ƙona sukarin da ke ajiye a tsoka ba tare da jiran oksijin ba. Wannan ta fi ta farko daɗewa, ita ke riƙe yaro a irin cakumar nan ta rabin minti ko minti guda da ba a saki juna ba, amma tana da farashi: asid na taruwa a tsoka, cinya ta ɗau zafi, hannu ya ƙi damƙa. Sinadarin da wannan ƙonawar ke samarwa shi ake kira laktet: mutum a zaune laktet ɗin jininsa bai wuce milimol 1 zuwa 2 a lita ba, amma bayan kokawa mai zafi an saba auna sama da 10. Ta uku ita ce hanyar numfashi, mai aiki da oksijin. Ba ta da saurin sauran biyun, sai dai ba ta ƙarewa da wuri.

(Tunda na ambaci laktet, bari in kawar da wata magana da ta zama ruwan dare: ba shi ne ke sa ciwon jikin da yaro ke tashi da shi washegari ba. Cikin awa ɗaya ko makamancin haka ya bar jini. Ciwon kwana biyu daga ƙananan raunukan zaren tsoka yake, musamman bayan atisayen da jiki bai saba ba.)

To a nan amsar matsalar yaran nan masu saurin gajiya take, kuma ba inda yawancin kociyoyi ke zato gizo yake saƙar ba. Yaron da ke fara wasa kamar wuta ya mutu a zagaye na biyu, sau da yawa ba ƙarfin zabura ya rasa ba. Yana da shi, ka gani da idonka a minti na farko. Abin da ya rasa shi ne mayar da abin da ya kashe. Shi fosfokiriyatin ɗin nan sai da oksijin yake sake cika: kusan rabinsa na dawowa cikin daƙiƙa 30 na hutu, amma kafin ya cika sai an yi minti 3 zuwa 5. Ka duba tsarin wasa a dokar hukumar kokawa ta duniya: 'yan shekara 17 zuwa ƙasa zagaye biyu suke yi na minti 2, da hutun daƙiƙa 30 a tsakani, su kuwa 'yan 18 zuwa 20 da manya minti 3 sau biyu. Ke nan babu wanda ke shiga zagaye na biyu da cikakken ajiye. Wanda zuciyarsa da huhunsa suka fi kai oksijin cikin tsoka, shi ne ke cika tankinsa a 'yan daƙiƙun da ake zagaya juna ko alƙali ya tsayar da wasa, shi ne kuma zai iya kai farmaki na shida da zafin na farko. Ka ƙara da cewa a gasa yaro na iya karawa sau huɗu ko biyar a yini ɗaya. Saboda haka in ka ga irin wannan yaro, kada ka ƙara masa tsalle-tsalle. Numfashinsa za ka gina. Wani lokacin ma ba numfashin ba ne, tsoro ne: yana shiga ya sandare, ya damƙe abokin karawa da duk ƙarfinsa ko da babu dalili, yana riƙe numfashi. Irin wannan sai an koya masa sakin jiki, kuma yawan karawa a wurin horo ne maganinsa.

Mu zo ga awo. Gwajin da aka fi sani a ɗakunan bincike shi ne Wingate, wanda aka ƙirƙiro a cibiyar wasanni ta Wingate da ke Isra'ila a shekarun 1970. Keke ne na tsaye wanda ake rataya wa nauyi, bisa al'ada kashi 7.5 cikin 100 na nauyin mai gwajin. Yaro mai kilo 60 za a sa masa kilo 4.5 ke nan. Sai ya tuƙa da iya ƙarfinsa na daƙiƙa 30, babu tanadi, babu dabara. Abu uku ake fitarwa: ƙololuwar ƙarfinsa, wadda ke zuwa a daƙiƙun farko, matsakaicin ƙarfin tsawon daƙiƙa 30 ɗin, da kuma yawan faɗuwar da ya yi daga ƙololuwa zuwa ƙarshe. A ce ya kai wat 600 (wat shi ne ma'aunin ƙarfin aiki) a farko ya ƙare a 330, to ya faɗi da kashi 45 cikin 100. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da keken nan ya san daƙiƙa goman ƙarshe ba wasa ba ne: fuska ta yamutse, feda ta koma kamar an zuba mata siminti, wani yana sauka sai jiri da tashin zuciya. Shi ya sa ba a barin yaro ya sauka ya zauna nan take, sai ya ci gaba da juya fedar a hankali na 'yan mintuna.

Gwaji ne mai kyau, amma kada ka ɗauka in babu shi ba ka da ido. Ɗan kokawa ba a kan sirdi yake fafatawa ba. Da bango da alli da tef na awo da agogon wayarka za ka san abin da kake bukata. Yaro ya tsaya jikin bango ya miƙa hannu ya yi alama, sannan ya duƙa ya yi tsalle ya sake taɓawa. Tazarar alamomin biyu ita ce tsallensa na sama. Wannan ya fi kusa da ɗaukar 'yan Girko. Sai tsallen gaba daga tsaye, ƙafa biyu tare, a auna daga layi zuwa diddigen baya. Wannan ya fi kusa da farmakin firistayil. Ina son a ƙara tsallen gaba da ƙafa ɗaya, dama da hagu, saboda yana tona asirin yaron da ƙafa ɗaya ce ke ɗauke da shi. Domin ganin yadda yake mayar da ƙarfi kuwa, ka sa shi gudun mita 30 sau shida da ɗan gajeren hutu iri ɗaya a tsakani, ka rubuta lokacin kowanne. Na farko zai gaya maka zafinsa, bambancin na farko da na shida zai gaya maka ko shi ne mai mutuwa a zagaye na biyu. Na numfashi kuma akwai gudun kai-da-kawo na mita 20 da ake bin ƙarar na'ura, wanda saurinsa ke ƙaruwa har yaro ya gaza.

Sharaɗi ɗaya ne: a yi komai iri ɗaya kowane lokaci. Lokaci ɗaya na yini, fili ɗaya, ɗumama jiki iri ɗaya, kuma ba washegarin horo mai tsanani ba. Duk bayan wata biyu ya isa.

Ga inda nake so ka fi natsuwa, domin a nan ake zaluntar yara ba da gangan ba. Kada ka jera sakamakon ɗan 14 da na ɗan 17 ka ce wannan ya fi wancan. Kai, ko 'yan 14 biyu kada ka jera su kai tsaye. Ƙarfin zabura yana tafiya ne da balaga. Kafin yaro ya balaga, hanyar nan ta biyu ta ƙona sukari ba ta gama ƙarfi a jikinsa ba, tsokarsa ma ba ta cika ba. Shi ya sa ƙananan yara ba sa tara laktet kamar manya, kuma suna saurin farfaɗowa bayan gudu. Da zarar sinadarin balagar maza, wato testostiron, ya fara hawa, sai tsoka ta ƙaru, ƙarfi ya yi tsalle, ko da koci ko babu. Samari galibi suna yin tsirin tsawo mafi sauri ne wajen shekara 13 zuwa 14, amma wani na riga wani da shekara biyu ko fiye. Sai ka ga 'yan aji ɗaya, wannan muryarsa ta buɗe har gemu ya fara leƙowa, wancan har yanzu fuskarsa ta ƙuruciya ce. Na farkon zai cinye duk gwaje-gwajenka bana. Ba ya nufin shi ne zai zama gwani. Sau tari ma mai jinkirin balagar, da yake ba shi da ƙarfin da zai dogara da shi, dole ta sa ya koyi dabara, kuma ranar da ƙarfin ya iso sai ya tarar da dabarar tana jiransa. Na ga yara irin wannan da aka sallama tun suna 14 da sunan ba su da ƙafa, abin yana ba ni takaici.

Haka nan nauyi. Kokawa aji-aji ake yin ta bisa kilo, don haka ƙarfi tsurarsa ba shi da ma'ana sai an raba shi da nauyin jiki. A ce yaro mai kilo 50 ya ba da wat 550, wani mai kilo 75 ya ba da 750. A takarda na biyun ya fi. Amma ka raba: na farko yana da wat 11 a kowane kilo, na biyu 10. A cikin ajinsa, ƙaramin ne ya fi zama barazana. Kowane yaro ka gwada shi da kansa na wata biyun da suka wuce, ka kuma riƙa auna tsawonsa. In ka ga ya tsiro da sauri kuma tsallensa ya tsaya ko ya ɗan ja baya, jikinsa ya zama kamar na aro, ba lalaci ba ne, ƙashi ne ya riga tsoka. A wannan tsakanin ne wasu ke kukan ciwo a ɗan tudun ƙashin da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa. In ka ji haka, rage tsalle da durƙuso, in ya ƙi lafawa a kai shi ga likita.

Game da atisaye, tushen ɗaya ne ga kowa: tsugunno da nauyi, ɗaga nauyi daga ƙasa da miƙaƙƙen baya, taku mai faɗi da ƙafa ɗaya, tsalle da koyon dira. Maganar cewa ɗaga ƙarfe na hana yaro tsawo ba ta da tushe. Abin da ke raunata yara shi ne nauyin da ya fi ƙarfinsu, da mummunan salo, da rashin mai sa ido. Sau biyu ko uku a mako, ba a jere ba, ya wadatar. A kan wannan tushe sai ka ba kowane salo nasa. 'Yan firistayil su ƙara tsallen gaba, gudun hawa tudu, tura kaya a duƙe, da maimaita farmaki ta ɓangaren da ba su saba ba. 'Yan Girko su ƙara ɗaukar abokin horo ko buhun yashi daga ƙasa, wurga ƙwallo mai nauyi ta saman kai zuwa baya, da turjiya ƙirji da ƙirji. Kuskuren da na fi gani shi ne mayar da atisayen zabura ya zama na wahala. Koci ya sa yara tsalle hamsin a jere suna haki, yana jin daɗi ya ba su wuya. Daga tsalle na goma abin da suke koya shi ne tsalle a hankali. Zabura ana yin ta ne a farkon horo, jiki da sauran kuzari, sau 3 zuwa 5, a huta minti biyu ko uku, a sake. Wahalar tana da ranarta daban, kuma ta fi amfani in da kokawar kanta aka yi ta: gajerun karawa masu zafi, ana sauya wa yaro abokan da suka huta.

In akwai 'yan mata a cikin waɗanda kake horarwa, su da dokar firistayil suke wasa, kuma tun 2004 kokawarsu ke cikin Olamfik. Duk abin da na faɗa ya shafe su, sai dai suna riga samari tsirin tsawo da kamar shekara biyu, kuma bayan balaga sun fi fuskantar tsinkewar jijiyar cikin gwiwa. Ka ba koyon dira muhimmanci a wurinsu, kada gwiwa ta riƙa karkata ciki.

Akwai abu guda da ba ka tambaya ba, amma in ban faɗa ba ban yi maka adalci ba, domin yana iya zama shi ne ke kashe ƙafafun yaranka. Shin suna matse jiki kafin hawa sikeli? Yaron da ya kwana biyu yana ƙin ruwa da abinci don ya shiga ajin ƙasa, sukarin tsokarsa ya ragu, ruwan jininsa ya ragu. Yana iya yin farmakin farko lafiya, amma na huɗu da na biyar ba za su zo ba. Kuma tun 2018 a gasannin duniya da safiyar ranar wasa ake awo, ba jajibiri ba, don haka lokacin mayar da abin da aka zubar ya ƙanƙance. Abin bai tsaya ga rashin nasara ba. A ƙarshen 1997 'yan kokawa uku na jami'o'in Amurka sun mutu cikin 'yan makonni, dukkansu suna tsakiyar rage nauyi ta hanyar matse ruwan jiki. Bayan nan ne aka hana rigunan roba da ɗakin gumi a can, aka kawo gwajin fitsari don duba ruwan jiki kafin tantance ajin ɗan wasa, aka kuma ƙayyade cewa kada a sauke fiye da kashi 1.5 cikin 100 na nauyi a mako. A makarantun sakandarensu ba a yarda kitsen jikin saurayi ya gaza kashi 7 ba, na budurwa kashi 12.

Saboda haka kafin ka sauya komai a jadawalinka, ka ɗora waɗannan yaran a sikeli ranar horo ta yau da kullum, ka kwatanta da ajin da suke fafatawa a ciki. In ka tarar ɗan shekara 15 yana sauke kilo uku ko huɗu kafin kowace gasa, ka matsar da shi aji na gaba, ka bar shi ya ci ya sha, sannan bayan wata biyu ka sake sa shi gudun mita 30 sau shida ka duba lokacin na shidan.